Bana Kwas Na Jumare Ne

Ƙirjin yarinyar yana hawa yana sauka da sauri, kamar na ɗan tsakon da aka tsamo daga ruwa. Rabe yana tsaye a ƙarshen gadon, a ɗakin yara na wani asibiti a Gashuwa, hularsa a hannu yana ta murza ta. Saukarsa ke nan daga motar Nguru, ko gida bai biya ba.

"Kai ne uban?" in ji malamin asibitin da ke ɗaura mata ruwa.

Rabe ya sunkuyar da kai. Zaituna 'yarsa ce ta fari, kuma shekara bakwai ke nan bai taɓa amsa wannan tambayar da baki ba, balle ya kira sunanta. Tun da aka yaye ta aka kawo ta hannun mahaifiyarsa, Inna Fadimatu, kamar yadda aka saba.

"Malam, yanzu ba lokacin alkunya ba ne. Tsohuwar da suka kwana ɗaki ɗaya ta rasu da hantsi. Amai iri ɗaya, numfashi iri ɗaya. Me suka ci? Me ke cikin ɗakin?"

"Wake ne," in ji Rabe. "Buhunan wake kawai. Sai ƙwayar da na sa masa jiya saboda ƙwari."

"Wace ƙwaya?"

"Irin ta sito. Wadda muke turara hatsi da ita."

Malamin ya saki abin da ke hannunsa ya juyo ya dube shi sosai.

"A ɗakin da mutane ke kwana? Bawan Allah, wa ya koya maka wannan aikin?"

Rabe ya ci gaba da murza hularsa.

* * *

Siton da Rabe ke aiki yana bayan tashar jirgin ƙasa ta Nguru, wani dogon gini mai rufin kwano, na wani kamfanin saye da adana hatsi. Gero da dawa da wake ake jibgewa har kusa da rufi kafin a loda su a tarago a yi Kano da su. Aikin Rabe shi ne turare. A jera buhuna, a lulluɓe su da tamfol, a cusa wasu ƙwayoyi masu launin toka a ƙarƙashi, a danne bakin tamfol da yashi, a kulle sito kowa ya kama gabansa. Bayan kwanaki idan aka buɗe, ƙwari sun mutu, ƙwayoyin sun zama gari.

A wajen tsoho Nagoggo ya ga aikin, shi kuma Nagoggo ya ce a hannun wani Bature ya gani tun zamanin cinikin gyaɗa. Karatun ba shi da tsawo: ka naɗe hancinka da rawani, in ka gama ka nemi nono ka sha.

"Maganin ƙwari ne, ba na mutane ba," haka tsohon ya riƙa faɗa har ya bar duniya. "Iyakarsa ya sara maka kai."

Rubutun da ke jikin gwangwanin da Turanci aka yi shi. Hoton ƙoƙon kan mutum da ke gefe kuwa, sun saba ganinsa har 'yan dako sun sa masa suna Mai Dariya. Sabo turken wawa.

Ba wai babu inda ake koyar da aikin ba ne. Hukuma ta ce duk siton da ke turara hatsi sai yana da ma'aikaci mai takardar shaida, don haka duk shekara akan buɗe kwas na mako biyu a Kano, da kuɗin jirgi, da masauki, da alawus. Alawus ɗin nan shi ya ɓata lamarin. A siton su Rabe kwas ya zama kamar adashi, wanda buƙata ta fi matsa wa shi ke ɗauka. Bara direba ne ya je, saboda katangar gidansa ta rushe. Bara waccan surukin manaja ne, wanda ko ƙofar sito bai san inda ta kalla ba. Babu mai ganin abin a matsayin mugunta. Zumunci ake kiransa, har a yi wa wanda ya tsara shi addu'a.

* * *

Shekarar da ruwa ya dawo bayan babban fari, manaja Abatcha ya aika a kira Rabe ofis. Ya shigo yana warware rawani daga fuskarsa, kansa na sara kamar kullum. A kan benci kusa da ƙofa ya tarar da Jumare mai awo, ya takure yana jan carbi.

Jumare dattijo ne, makiyayi ne a da, fari ya cinye masa shanu har ya koma riƙe sikeli. Shi ya kawo Rabe aikin nan tun yana saurayi, shi ya tsaya masa a gaban kamfani, shi ya karɓa masa auren Suwaibatu. Yanzu kuma zai aurar da 'yarsa Asta, ga lokaci ya matso, ko kwano ɗaya bai ajiye ba. Kowa a sito ya san da haka.

"Bana sun matsa," in ji Abatcha yana kaɗa biro a kan tebur. "Sun ce lallai mai turare za a turo musu. Kai ke nan. Sai dai ka san halin da babanka Jumare ke ciki. Ni ba zan ce komai ba, tsakaninku ne."

Gaskiya Rabe yana son zuwa. Akwai abin da ya daɗe yana cin ransa. Watannin baya ya buɗe sito ya tarar da magen da ke kama musu ɓeraye ta miƙe a gefen tamfol, ba rauni ba komai. An ce ɓera mai guba ta ci, shi dai zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya so a ce akwai wanda zai tambaya.

Ya saci kallon Jumare. Dattijon bai ɗago ba, idonsa na kan carbi, kuma wannan rashin ɗagowar ya fi roƙo nauyi. Rabe ya ji kunya ta lulluɓe shi tun daga ƙafa. Gobe da wane ido zai ratsa ta gaban sikeli, a ce ya take mutumin da ya ɗora shi a hanya?

"Haba, ranka ya daɗe," in ji shi, har da 'yar dariya. "Ina ni ina shiga gaban Baba? Shekara goma ina wannan aikin, me za su koya min a Kano wanda hannuna bai sani ba? Bana kwas na Baba Jumare ne."

"Madalla da ɗan halak!" in ji Abatcha. Nan take ya rubuta sunan Jumare, a gaban sunan ya sa mai turare. Biro ba ya gardama.

Jumare ya kama hannun Rabe da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza."

Rabe ya fito yana jin kansa wani babba. Ranar har nonon da ya sha ya fi na kullum daɗi.

* * *

Jumare ya dawo a jirgin Kano da kaya niƙi-niƙi: kwanuka masu fure, tasoshi, fanteka, har da madubi. Takardar shaida kuwa an yi mata gida na gilashi aka rataya a bangon ofis, ƙasa da agogo. An ba shi kuma wani takunkumin roba mai idanun gilashi, na rufe fuska lokacin aiki. Shi ma aka sami ƙusa aka rataye shi kusa da takardar, don ya fi kyau a can.

Da yamma Rabe ya sami Jumare a gindin sikeli.

"Baba, me aka koya muku?"

"Kai, ɗana, surutu ne kawai. Da safe mu sa hannu, wani yaro mai tabarau ya hau Turanci, in ya juya Hausa kuma ni hankalina yana Kasuwar Kurmi. Mako biyu fa, ga kayan ɗaki guda a gabana! Na ɗan leƙa dai sau biyu. Abin da kake yi ɗin nan ne, babu wani sabo."

"Ba su ce komai ba a kan dabbobi? Kamar magen nan tamu?"

Jumare ya tuntsire da dariya har yana riƙe ciki.

"Gwamnati ta tara mutane a Kano don mage? Rabe ke nan!"

Rabe ma ya taya shi dariyar, ya kuma cire maganar daga ransa. Tun da wanda ya je ya ce babu sabo, to babu.

* * *

Da sanyi ya kankama, Rabe ya shiga motar Gashuwa ya je gaida mahaifiyarsa. A aljihunsa akwai ɗan gwangwani da ragowar ƙwayoyin sito, don ta aiko cewa ƙwari sun fara taɓa mata wake.

Inna Fadimatu ita ta noma waken nan da hannunta a gonar da mijinta ya bari. A shekarun fari ta ci tafasa ba gishiri, ta tankaɗe dusa ta yi wa jikarta tuwo da ita, saboda haka ta rantse abincinta ba zai sake kwana inda idonta bai gani ba. Buhunan a cikin ɗakinta suke, an jera su a bayan gado har sun tsere wa taga.

Ta ɗebo hannu guda ta miƙa masa. Kusan kowace ƙwaya da ɗan rami.

"Dubi. Ina da raina sun fara rabon gado. Na daka toka da barkono zan zuba, ƙawata ce ta hana ni sakat da atishawa."

Ƙawar tata, Zaituna, tana zaune a bakin ƙofa tana gwada takalmin robar da ya kawo mata, tana miƙa ƙafa tana juyawa don ya gani. Shi kuwa ya kawar da kai, kamar bai san wa ya sayo ba.

"Haba Inna," in ji shi. "Ɗanki ke tsare hatsin kamfani guda, ki tsaya wahala da toka? Mutane ai sai su yi min dariya."

Ya naɗe hancinsa da rawani, ya cusa ƙwayoyin a tsakanin buhuna kamar yadda ya saba, ya ja tsohuwar tabarma ya rufa a kai. Ransa fari ƙal. Ba kullum talaka ke samun abin da zai yi wa uwarsa da sana'arsa ba.

"Wani wari nake ji kamar na tafarnuwa," in ji Inna tana yamutsa fuska.

"Aikinsa ke nan ya fara. Ku dai rufe ƙofa da taga sosai, a toshe da tsumma, kada ƙarfin ya fita a banza. In kanku ya sara ku sha nono."

"Da wannan sanyin na bakin kogi wa zai bar taga a buɗe? Allah ya yi maka albarka."

Da zai tafi, yarinyar ta biyo shi har bakin titi, sabon takalmi na ƙara a ƙafarta. Yaya take kiransa, don abin da ta ji yaran gidan suna cewa ke nan.

"Yaya, yaushe za ka kai ni Nguru in ga jirgi? An ce ya fi gidanmu tsawo."

"Bayan Sallah," ya ce, yana kallon hanyar da mota za ta ɓullo. Ya so ya dafa kanta, amma akwai mutane a wajen. "Koma gida, sanyi."

Washegari da hantsi wani direban Gashuwa ya shigo sito yana tambayar wane ne Rabe.

* * *

"Wannan abin ba shi da makari," in ji malamin asibitin, yanzu muryarsa ta sauka. "Sai dai mu taimaka mata da numfashi, mu jira ikon Allah."

Rabe bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ya fita da gudu har bakin kasuwa, ya sami wata mai tallan nono, ya dawo da ƙwarya a hannu rabi ya zube a rigarsa. Malamin ya dube shi, ya dubi ƙwaryar, bai hana shi ba. Rabe ya tallafo kan yarinyar ya kai mata baki. Nonon ya gangaro ta gefen leɓenta ya jiƙa matashi.

Can aka zo aka ce ana jiransa, za a sallaci mahaifiyarsa. Ya je ya tsaya a sahu, ya bi gawa, ya zuba ƙasa da hannunsa, duk kamar wani ne ke yi ba shi ba. Da ya dawo, Suwaibatu ta iso daga Nguru, tana zaune a ƙasa ta riƙe ƙafar 'yarta. Numfashin ya ragu, ya zama ɗaya bayan ɗaya, da tazara mai tsawo.

Rabe ya durƙusa ya kai bakinsa kusa da kunnenta.

"Zaituna," ya ce. Sunan ya fito masa baƙo a harshe. "Zaituna, ni ne babanki. Tashi mu je ki ga jirgi."

Ko ta ji ko ba ta ji ba, Allah ne masani. Ana kiran la'asar malamin ya zo ya zare robar daga hannunta.

* * *

Masu ta'aziyya suka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya suka faɗa. Wasu suka ce iska ce ta bakin kogi ta shiga ɗakin. Babu wanda ya kai maganar gaba, don tonon asiri a gidan mutuwa ba halin mutanen kirki ba ne. Waken aka haƙa rami a bayan gari aka binne.

Suwaibatu sau ɗaya ta yi magana, bayan sadakar bakwai, tana ninke kayan yarinyar.

"An ce kai ka ce a toshe tagar."

"Ni na ce."

Ta ci gaba da ninke kayan. Daga ranar dai ba a sake dafa wake a gidansu ba.

Da rani wani jami'i ya zo duba sito. Ya tsaya a ofis ya ɗaga kai ya karanta takardar da ke bango, ya tambayi wane ne Jumare, ya ba shi hannu ya yaba masa. Aka ba shi goro, ya koma motarsa. A daidai lokacin Rabe yana can ciki ƙarƙashin tamfol, da rawani a hanci.

Da lokacin kwas ya sake zagayowa, Abatcha ya kira shi. Jumare na nan a kan bencinsa.

"Mun zauna mun duba," in ji manaja cikin tausayawa. "Bana babu wanda ya shiga wani hali kamarka. Uwa da 'ya rana ɗaya, ai sai mai imani. Ka je Kano ka sarara, ka ɗan rage zafi da alawus ɗin. Ba sai ka takura kanka da zaman aji ba, ka dai riƙa sa hannu. Bana kwas naka ne."

Jumare ya gyaɗa kai, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Ban faɗa maka ba, ɗana? Alheri danƙo ne."

Rabe ya dubi takardar da ke bango. Ya ce ya gode.

* * *

Ya shiga jirgin shi kaɗai. Da gaske ya fi gidan Inna tsawo.

Ajin babba ne, an jera benci har bango. Da safe mutane suka cika shi maƙil, daga garuruwa daban-daban, kowa da babbar riga. Aka zagaya da takardar sa hannu. Tana isa ƙarshe sai aka fara zamewa, wannan zai kama ruwa, wancan zai ga wani a waje. Kafin malamin ya gama goge allo, waɗanda suka rage ba su cika benci biyu ba.

Yaro ne mai tabarau, kamar yadda Jumare ya faɗa. Ya dubi ajin, da alama ya saba. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa, sannan ya ɗaga wani gwangwani sama. Rabe ya gane Mai Dariya tun daga nesa.

"Zan fara da Hausa, don kada wani ya ce bai ji ba. Wannan ƙwayar da kuke gani, da ta sha iska sai ta zama hayaƙin da ido ba ya gani. Ba ruwanta da ƙwaro ne ko mutum, duk mai numfashi nata ne. Ba a sa ta a ɗakin da ake kwana, ko ɗakin da ke manne da shi. Yara da tsofaffi ke fara tafiya. Rawani ba ya tare ta, nono ba ya karya ta. Wannan shi ne darasin farko. Ko shi kaɗai kuka ɗauka kuka koma gida, kuɗin jirginku bai tafi a banza ba."

Ya ajiye gwangwanin a kan tebur.

"Akwai mai tambaya kafin mu ci gaba?"

Rabe ya dubi taga. Rana ko sama ba ta yi ba, mai shayin da ke bakin ƙofar makarantar bai ma sauke tukunyar farko ba. Ashe iyakar abin ke nan. Bai kai tsawon gaisuwar safe ba.

Mutumin da ke kusa da shi, wani dattijo mai furfura, ya ɗan matso ya taɓa shi da gwiwar hannu.

"Malam," ya ce a hankali, "don Allah ka san inda ake hawa motar Kurmi?"

Rabe ya mai da idonsa kan gwangwanin. Dattijon ya jira kaɗan, ya tattara rigarsa, ya sunkuya ya bi ta bayan benci ya fita, yana taka ƙasa a hankali don kada ya dami masu karatu.